Farar shaddata da kunkurun surukata

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗiyata ta fari ba. Ko da ma na so in manta, akwai wata tsohuwa a Urafane da ta ɗaukar wa kanta aikin tuna mini muddin tana numfashi.

Ni ma'aikacin wani ƙaramin gidan rediyo ne a Tasawa. Ina karanta labarai, ina kuma gabatar da shirin manoma da makiyaya. Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba: takarda takan zo da safe cikin Faransanci, in mayar da ita Hausa, in zauna gaban makirfo in karanta ta da muryar mutumin da aka haifa da sanin abin. Kafin la'asar na manta da ita, domin wata ta iso. Yau maganin tsutsar wake, gobe rigakafin awaki, jibi yadda ake ajiyar iri. Mutane kuwa in sun gan ni a kasuwa sai su riƙa jefo mini tambayoyi kamar ni na ƙirƙiro taki. (Ban taɓa gyara musu wannan zato ba. Yana da daɗi.)

Da cikin matata Rabi ya tsufa, sai ta koma gidansu a Urafane don ta haihu a gaban mahaifiyarta, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Mahaifiyar tata, wadda kowa ke kira Inna, mace ce mai kunya irin ta da. Rabi ce ɗiyarta ta fari, saboda haka tun da na auro ta Inna ba ta taɓa ambatar sunana ba, ba ta kuma taɓa yi mini magana ido da ido ba. In tana da saƙo gare ni, sai ta juya ta gaya wa bango, ko rumbu, ko akuyar da ke kusa, ni kuwa in tsinta daga gefe. Ni ma in zan ba da amsa sai in nemi wanda zan ratsa ta kansa. Yawanci Kaka ce wannan hanya. Kaka ita ce mahaifiyar marigayi baban Rabi, kuma duk kunyar da Inna ke ji, Kaka ba ta ɗebi ko cikin cokali ba. Wasan jika take yi da ni, tana kirana angonta, tana cewa in Rabi ta gaji da ni tana nan tana jira.

Sai kuma Tsoho.

Tsoho kunkuru ne, irin manyan nan na ƙasarmu masu haƙa rami. Wani makiyayi ne daga wajen Mayahi ya ba baban Rabi shi tun yana ɗan ƙarami kamar tafin hannu, kafin a haifi Rabi. Ya girma a gidan har ya kai girman babban akushi, ya haƙa raminsa kusa da rumbun hatsi, ramin da babu wanda ya san iyakarsa. Da bazara a can ƙasa yake wuni, sai da sanyin safiya yakan leƙo, wani lokacin ma a yi kwanaki ba a gan shi ba. Marigayin, in ya dawo daga sallar asuba, a bakin ramin nan yake zama da ɗan harawar wake a hannu. Da ya rasu, ban taɓa jin Inna ta ce tana kewarsa ba. Amma wurin zaman nan ita ta gaje shi, da harawar da komai.

Ranar suna ta faɗo a tsakiyar bazara. Na ɗinka farar shadda musamman don ranar, an buge ta har tana ɗaukar ido, in na motsa tana ƙara. Bayan asuba maza suka cika tabarmi a ƙofar gida: liman, da Kawu ƙanen marigayi, da dattawan unguwa, da abokan aikina da suka biyo ni daga Tasawa a kan moto, wato babur. Rago na ɗaure a gefe. Maroƙi yana ta zuba mini kirari, yana cewa ni ne muryar da ke shiga ɗaki ba sallama. Sai aka ce a shigo da tiren goro da dabino daga cikin gida. Ba aikina ba ne, akwai masu yi. Na miƙe na ce ni zan ɗauko. (Gaskiyar magana ita ce maza sun riga sun ga shaddar, mata ne ba su gani ba.)

Da na shiga sai na tarar da ƴar hayaniya. Mata suna fere kabewar miya kusa da rumbu, ƙamshinta kuwa ya fito da Tsoho daga raminsa. Wanda ya san kunkuru ya san ba ya kewaya abu, ta kansa yake bi. Ya riga ya kifar da ƙwarya guda, ya nufi wajen murhu inda manyan tukwane ke kan wuta. Matan gidan ba su ruɗe ba. Biyu sun tare gabansa da wani tsohon murfin ƙofa don ya juya, Inna kuma ta durƙusa tana riƙe da yankin kabewa daidai hancinsa, tana ja da baya kaɗan kaɗan zuwa bakin rami. Dabarar tana aiki. Sai dai tana aiki ne da saurin kunkuru, kuma ya tsaya daidai ɗan lungun da ke tsakanin rumbu da katanga, inda zan wuce.

Na ji wata a cikin baƙin mata ta ce, "Lah, ga mai rediyon nan." Wata ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto. Abin da ya gama da ni ke nan. Na naɗe hannun riga na ce, "Ku ba ni wuri, yanzu zan mayar muku da shi."

Inna ta ja mayafinta, ta juya fuska wajen rumbu, ta ce masa a hankali, "A rediyo dai an ce ba a ɗaukar su. Balle da bazara."

Na dubi Kaka, wadda ke zaune a kan turmi tana kallon ikon Allah, na yi murmushin masana. Na ce, "Kaka, a gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta. Ba duk abin da aka faɗa a rediyo ake ɗauka ba. Mu da muke ciki mun san yadda ake dafa shi."

Kaka ta ce, "To, angona. Kai ka sani."

Inna ta sake ce wa rumbu, "An ce in ya tsorata…" Ba ta ƙarasa ba, domin na riga na sunkuya.

Abu na farko da na gano shi ne nauyinsa ya ninka abin da na zata. Da na ɗaga shi sai na ga ba zan iya riƙe shi a kwance ba, don haka na rungume shi a ƙirji a tsaye, kansa sama, wutsiyarsa ƙasa, cikinsa yana fuskantata. Ya yi wani huci kamar an sace iskar taya, ya janye kai ciki, ƙafafunsa masu kama da taɓarya suna shurin iska. Na fara takawa. Ina jin matan sun yi tsit, na ɗauka mamakin ƙarfina suke yi.

Sai na ji ɗumi.

Ya fara daga wajen cibiya, ya gangara. Ba ɗigo ba ne, ba kuma yayyafi ba. Kamar an kwance bakin salka ne. Ruwa mai launin shayin da aka manta a buta, haɗe da wani farin abu mai kauri kamar an dama alli, ya bi gaban rigata, ya ratsa wando, ya taru a cikin takalmina. Ban san dabba ɗaya na iya ɗaukar ruwa haka ba. Ina tsaye rungume da shi, shi yana yi, ni ina karɓa, har ya gama. Warin kuwa ba zan kwatanta shi ba, wataƙila wani na cin abinci.

Abu ɗaya na yi daidai a safiyar nan: ban yar da shi ba. Na durƙusa na ajiye shi a ƙasa. Ya fito da kai, ya nufi raminsa da saurin da ban taɓa sanin kunkuru na da shi ba, ya shige.

Sai Kaka ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. "Ayyururui! An yi wa ango wanka!"

Gidan ya fashe. Masu fere kabewa sun kifa kai a gwiwa, wata ta faɗa kan ƴar'uwarta. Daidai nan kuma muryar maroƙi ta taso daga waje: "Ina uban jaririya? Liman na jira! A fito da farin wata a gan shi!"

Gidan ƙofa ɗaya gare shi. Na duba.

Na fito zaure ina tafiya ƙafafu a ware, takalmi yana ƙara a kowane taki, babu tiren goro. Maroƙin ya buɗe baki zai ci gaba da kirari, ya dubi gabana, ya rufe. Kawu ya sauke tabaransa ya dube ni tun daga ƙirji har ƙasa.

"Subhanallahi. Malam, murna ce ko tsoro?"

Na gyara murya, na yi bayani da Hausar da nake karanta labarai da ita, cewa lamarin ya auku ne sakamakon wani yunƙuri na mayar da kunkuru mazauninsa. Ban taɓa jin jimla ta ƙara wa mutum kunya kamar wannan ba. Abokan aikina sun juya baya, kafaɗunsu na rawa. Wani dattijo ya ce ai ba za a yi addu'a da najasa a cikin taro ba. Wani ya ce a tsaya tukuna, ai sai an san ko kunkuru yana cikin abin da ake ci, domin hukuncin daga nan yake tasowa. Na uku ya ce na ruwa daban, na tudu daban. Ina tsaye ina ɗiga, ana ta muhawara a kaina, har liman ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, wannan mas'ala ba ta buƙatar littafi. Ruwa da sabulu take so, da wata riga."

Aka kai ni bayan zaure da buta. Ina cikin tunanin abin da zan sa, sai ga Kaka da wata shuɗiyar riga a naɗe, tana ƙamshin turare da daɗewa a akwati. Ta miƙo mini, wannan karon ba dariya. Ta ce, "Inji wadda ka sani. Ta marigayi ce." Marigayin gajere ne, ni kuwa dogo. Rigar ta tsaya mini a gwiwa, wandon a tsakiyar ƙwauri. A cikinta aka raɗa wa ɗiyata suna Hauwa'u, a cikinta na karɓi barka.

Na ɗauka iyakar abin ke nan, kunya ce kawai, za a yi dariya a manta. Da hantsi, bayan jama'a sun ragu, na shiga ciki don in ba da haƙuri. Na tarar da Inna zaune a bakin ramin, yankin kabewar nan na hannunta har ya fara yaushi. Ba ta cikin masu dariya, kuma na tuna tun farko ma ban ji muryarta a cikinsu ba.

Kaka ta ja ni gefe. "Angona, ka san wa ya hwaɗi maganar nan a rediyo?"

Na ce ban sani ba, wataƙila wata tasha ce ta Maradi.

"Kai ne. Da bakinka wanga."

Ta tuna mini. A shekarar da ta wuce na gayyaci wani ma'aikacin gandun daji cikin shirina, muka yi zancen kunkuru. Inna ta saurara daga farko har ƙarshe. Tun daga ranar ta hana yara hawan Tsoho, ta hana a ɗaga shi, ta hana a zura hannu a raminsa. In maƙwabta suka tambayi dalili sai ta ce mijin ɗiyarta ne ya faɗa a rediyo, ta faɗe shi da alfahari. Kaka na magana, abin yana dawo mini guntu guntu: wani siririn mutum mai yawan tari, yana bayani da Faransanci ina juyawa. Ya ce ruwan da kunkuru ke tarawa a cikinsa shi ne guzurinsa na rani, da shi yake rayuwa a rami har damina ta sauka. In aka ɗaga shi ya tsorata sai ya zubar da shi duka. Da damina wannan ba komai ba ne, zai sake sha. Da bazara kuwa yana iya shigewa rami ya rasa ƙarfin fitowa, ya mutu a can.

Wato abin da ya jiƙa mini shadda ba fitsari ba ne kawai. Guzurinsa ne na sauran bazara.

Sai Inna ta yi magana, fuskarta na wajen rumbu. "Da baƙon ya zo zai faɗi abin da ake yi in hakan ta faru, sai aka ce lokaci ya ƙure, sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa aka yi zancen taki." Ta juya yankin kabewar a hannunta. "Har yau ina saurare."

Dariyar mata da tambayar Kawu duk ba su taɓa ni kamar wannan ba. Na tuna sarai yadda na katse mutumin, da ladabi da ƙwarewa, don kada in makara da sanarwar ɗaurin aure.

Na leƙa ɗakin Rabi. Tana shayar da jaririya, idonta ya yi ja, ban sani ba ko dariya ce ko kuka, ina jin duka biyun ne. Ta ce, "Tun rasuwar Baba ban ga Inna ta zauna haka ba. In Tsoho ya mutu a ramin nan, sabon makoki za ta yi, kuma ba za ta gaya wa kowa ba. Ka nemo mutumin nan naka."

A unguwarsu Rabi ba a samun rezo, wato layin waya, sai an hau wani tudun rairayi a bayan gari. Can na tafi da tsakar rana, cikin rigar da ta tsaya mini a gwiwa, ina ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Na kira wurin aiki, aka nemo mini lambarsa, ashe an mayar da shi Mayahi. Na ba shi labari. Ya yi dariya har tarinsa ya tashi, ya huta, ya sake yi. Sannan ya natsu.

Na ce ko mu haƙa ramin mu fito da shi. Ya ce kada mu soma, ramin zai rufta a kansa, kuma rumbun ma yana iya bi. Na ce to in zura hannu in jawo ƙafarsa. Ya ce in ina da hannun da ba na so, in zura, domin maciji da kunama sukan yi haya a irin ramin nan, kuma ko na kama ƙafar, kunkuru yakan turje ne, sai dai in gurɗe masa ita. Na ce mu kwarara ruwa a ciki. Ya ce, "Malam, kai dai kana son ka ƙarasa shi ne?"

Abin da ya ce a yi ba shi da wuya, sai dai ba irin aikina ba ne. A samu tasa mai faɗi, a binne ta kusa da bakin ramin har bakinta ya yi daidai da ƙasa, yadda zai iya shiga da fita da kansa. A zuba ruwa kaɗan, wanda ba zai wuce haɓarsa ba, kada ya zama mai sanyin randa, kada kuma rana ta dafa shi. A yi inuwa a kai. A ajiye ɗanyen ganye da aka yayyafa wa ruwa kowace safiya. A hana hayaniya a wurin. Sannan a jira. Ya ƙara da cewa in wata rana dole sai an kawar da shi daga wani haɗari, mutum biyu su kama gefe da gefe, a kwance, dab da ƙasa, tafiya kaɗan, kuma duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya kusanci jaririya.

Na ce, "Zai fito?"

Ya ce, "In yana da sauran ƙarfi. Wasu suna fitowa, wasu ba sa fitowa. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Ni na haƙa wurin tasar da hannuna, na kafa zana a kai. Daga nan duk ranar da ba ni da aiki sai in hau moto in ratsa rairayin hanyar Urafane. Mutane suna yaba mini son ɗiya. Ina sonta, babu shakka, amma da asuba a bakin rami nake. Na share rairayin wurin ya yi sumul don in ga sawu. Sawun kaji nake gani, da na ƙadangare. Inna tana zama a ɗaya gefen rumbun, ni a wannan gefe, muna gaisawa ta bakinsa. Wata safiya na ga ta durƙusa ta kai fuskarta bakin ramin ta shaƙi iska a hankali, sannan ta miƙe ta ce wa rumbu, "Babu wari tukuna." Sai a lokacin na gane abin da take dubawa kowace rana kafin in iso. Ban iya karyawa ba a ranar.

Da kwanaki suka yi nisa, Kawu ya zo da magirbi da samari ya ce a haƙa, a san matsaya. Na tsaya a bakin ramin na ce ba za a haƙa ba, masana sun hana.

Ya ce, "Su wa? Mutanen rediyo? Waɗanda ba duk abin da suka hwaɗa ake ɗauka ba?"

Na ce, "Kawu, wannan dai a ɗauka." Ya dube ni, ya dubi Inna da ta sunkuyar da kai, ya ce wa samarin su mayar da kayan.

Akwai kuma abin da ya rage a kaina. Na roƙi mutumin gandun daji ya zo Tasawa mu ƙarasa shirin da na katse. Ya zo. Na ba shi fili duka, na yi abin da ban saba yi ba a gaban makirfo, wato na rufe bakina sai in zan fassara. Ya faɗi yadda ake kula da waɗanda suka daɗe a gidaje, ya roƙi mutane su daina huda ƙoƙon bayansu don ɗaura igiya, su kuma bar na daji a daji domin sun yi ƙaranci. Ya faɗi zancen tasa da inuwa da jira, dalla dalla. Daga ƙarshe muka buɗe layi don masu saurare.

Kira na farko wani ne daga garin Sarkin Hausa yana tambaya kan abincinsu. Na biyu kuwa, tun daga sallama na gane muryar.

"Salamu alaikum. Angona ne?"

Na ce, cikin muryar aiki, "Wa alaikumus salam, Hajiya, daga ina ake kira?"

"Kai, bar wannan iyayi. Daga Urafane ne, ka sani sarai. Amalanke na sa aka kawo ni bisa tudu don in kira ka. Wanda ya yi maka wanka ranar suna ya hito!"

Na dubi mai kula da na'ura ta cikin gilashi ina yi masa alama da ido. Ya naɗe hannu a ƙirji ya jingina da kujera, haƙoransa duka a waje.

Kaka ta ci gaba, duk ƙasar Tasawa da Mayahi na ji. Ta ce da sassafe ya fito yana jan jiki, idanunsa sun faɗa, ya tsaya a bakin rami kamar mai tunanin ko dogon nan mai farar riga yana kusa. Da ya ga babu ni, sai ya shiga tasar, ya tsoma kai, ya daɗe yana sha har suka tsorata. Ya fito ya ci ganye, ya koma, can kuma ya sake fitowa. "Yanzu haka ya kifar mana da ƙwaryar tsaki. Lahiya ta samu. To ina labarin shaddar? Ta wanku?"

Baƙona ya kifa kai a tebur yana tari. Ni kuwa na buɗe baki in yi godiya da irin jimlolin da na saba, sai na ji ba sa fitowa. A karo na farko tun da na fara aikin nan na bar iska ta tafi babu magana. Cikin wannan shiru ne na jiyo wata murya can bayan Kaka, ƙasa ƙasa, iskar tudu na kaɗa ta. Ashe Inna ma ta hau tudun.

"Ki ce an ji ƙarshen zancen, an gode. Ki ce kuma rigar nan kada a maido. Ta zama tasa."

Kaka ta ce, "Ka ji ko in maimaita?"

Na ce na ji.

Damina ta sauka ba da daɗewa ba. Tsoho yana nan har yau, ya ƙara ƙiba, Hauwa'u tana tsayawa daga nesa tana miƙa masa ganye, kuma ita ce ke fara ihu in wani baƙo ya sunkuya zai ɗaga shi. Ni da shi muna mutunta juna daga inda kowa yake. Shuɗiyar rigar ina sa ta duk lokacin da zan je Urafane, ko da yake har yanzu a gwiwa take tsayawa. A kasuwar Tasawa an daina tambayata zancen taki, yanzu in an gan ni sai a ce, "Malam, ya jiki? An bushe?"

Abin da na koya ba shi da yawa. Duk takardar da ta zo yanzu sau biyu nake karanta ta, ɗaya don masu saurare, ɗaya don ni, domin na gano a duk faɗin ƙasar nan ni kaɗai ne ba na sauraron shirina. Kuma in baƙo yana tsakiyar faɗin magani, sanarwar ɗaurin aure tana iya jira.

Shaddar kuwa ba ta wanku ba. An jiƙa, an cuɗa, an shanya, taswirar tana nan. Daga ƙarshe Rabi ta sa almakashi ta yanyanka ta, ta yi wa Hauwa'u ƙunzugu da ita. Ta ce tun da Tsoho ya riga ya nuna mata aikinta, gara ta ci gaba da shi.